Kyamara huɗu, biki ɗaya: a wane taimlayin zan zuba su?

Edita_Gangare
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masana ku agaza min, kwana uku ke nan ina fama da aikin wani biki da aka yi a Rayfield, Jos. Ba ni na ɗauka ba, kawo min aka yi in haɗa. Ɗaurin aure da walima an ɗauke su da tsohuwar Sony mai fitar da fayilolin bidiyo irin MTS, 1080i50. Kamu da dina kuma Canon ce, 1080p firem 25, wato hoto 25 a daƙiƙa. Mai dron ya bi ayarin motoci da 4K firem 30. Sannan uwar amarya ta dage sai an sa abin da ƙawaye suka ɗauka ranar sa lalle, tunda ba a bar namiji ya shiga ba. Duk da waya aka yi, wasu iPhone wasu Tecno, guda biyu ma ta WhatsApp aka turo min.

Na buɗe taimlayin, wato layin da ake jera bidiyo a yanka, 1080 firem 25 a manhajar editin Premiere na zuba komai. Hoton dron yana ɗingishi in ya juya. Na waya baki da murya sun raba hanya tun wajen minti na shida. Na Sony kuwa in mutum ya ɗaga hannu sai gefen hannun ya yi zara-zara kamar haƙoran matsefi. Asabar aka ce in kai. In mayar da taimlayin 30 ne, ko in bar shi a 25? Ko in juya fayilolin duka su zama iri ɗaya kafin in fara?

Ɗan_Bukuru
Wa alaikumus salam. Mayar da shi 30 ka huta oga. Ni duk aikina a 30 nake yi, ba wanda ya taɓa dawo min da shi.

Injiniya_Wuse2
Wa alaikumus salam. @Ɗan_Bukuru ka yi haƙuri, wannan shawarar za ta ƙara masa aiki ne. Malam Edita, matsala uku ce ka haɗa a kwano ɗaya, kuma kowace da maganinta.

Fara da tambayar kanka: wace kyamara ce ta fi yawan mintuna a aikin? Sony da Canon ne, kuma su biyun 'yan gida ɗaya ne, domin 1080i50 in ka duba firem 25 ne a daƙiƙa, an dai raba kowane firem gida biyu. To mafi rinjaye shi ke da gari. In ka koma 30, manhajar za ta riƙa maimaita firem ɗaya bayan kowane biyar don ta cike gurbi, ka ga ɗingishin da kake gani a dron kaɗai zai bazu har kan liman da waliyyai.

Shi dron ɗin abu ne mai sauƙi. Yanzu abin da ke faruwa shi ne ana jefar da firem ɗaya cikin kowane shida don 30 ya shiga cikin 25. Danna dama a kan fayil ɗin, ka shiga Modify, Interpret Footage, ka rubuta masa 25. Ba firem ɗin da zai ɓace, hoton zai ɗan yi sanyi ne ya koma wajen kashi 83 cikin 100 na saurinsa. Ayarin motoci ma ya fi kyau a haka, kuma dron ba ya da sauti balle ka ce murya za ta ja.

Edita_Gangare
Allah ya saka da alheri Injiniya. Na gwada na dron yanzu, wallahi ya miƙe sumul. To wayoyin fa? In yi musu haka su ma?

Injiniya_Wuse2
A'a, kar ka kuskura. Akwai guɗa da waƙa a ciki, in ka rage saurin muryoyin ƙawaye za su koma kamar na maza.

Sautin_Dilimi
Matsalar baki da murya ai daga sautin take. Waya tana ɗaukar sauti a 44.1 kHz, kyamara a 48. Juya sautin ya koma 48 ka gani.

Injiniya_Wuse2
Da wuya, Malam Sauti. Manhajojin yanzu suna daidaita 44.1 da 48 da kansu. Abin da na fi zargi shi ne waya ba ta tsayawa a kan firem ɗaya. Tana ce maka 30, amma in ɗaki ya yi duhu ko ta ɗauki zafi sai ta sauka ƙasa, in haske ya dawo ta hau. Ita wayar ta san lissafinta shi ya sa in ka kunna a cikinta lafiya lau. Manhajar editin kuwa tana son kowace daƙiƙa ta zo da adadi ɗaya, kuskuren yana taruwa kaɗan-kaɗan har ya kai inda ido ke gani. Shi ya sa farkon ya yi daidai sai a minti na shida ya fito fili. Sauko da MediaInfo, kyauta ce, ka buɗe fayil ɗin. In ka ga ta rubuta Variable a wajen firem, to ka kama ɓarawon. Ka wuce da shi ta HandBrake, manhajar juya bidiyo, ka zaɓi Constant Framerate, wato firem tsayayye.

Sautin_Dilimi
To na karɓi gyara, amma ni ya taɓa faruwa da ni da rikoda ta daban, wa'azin awa biyu, kuma ba waya a ciki.

Injiniya_Wuse2
Wannan kuma agogon cikin rikoda da na kyamara ne ba su zo ɗaya ba. A dogon ɗauka dole su ɗan saɓa. Wata cutar ce daban mai kama da wannan.

Baba_PD170
Yaran zamani kuna ba ni dariya. Mu lokacin da muke aiki da kaset, gari guda tsarin talabijin na PAL ne, hoto 720 a 576, firem 25, daga mai ɗaukar suna a Angwan Rogo har gidan talabijin. Kaset ɗin awa ɗaya sai ka zauna awa ɗaya cur kana shigar da shi kwamfuta ta FireWire, kana addu'a kar a ɗauke wuta. Wahala ce, amma ba wanda ke tambayar wane taimlayin.

Rikicin ya fara ne da zuwan HDV, wato HD a kan kaset. Na tuna aikina na farko da kyamarar Z1. Ita tana rubuta 1440 a 1080, sai manhaja ta buɗa shi ya cika 1920. Ni ban sani ba, na zuba shi yadda ya zo, kowa ya fito siriri kamar an matse shi a ƙofa. Angon mai tumbi ne, da ya gani cewa ya yi a bar shi haka. Dangin amarya ne suka ƙi, wai an ramar musu da 'ya.

Ɗana, kan maganar matsefin nan. Wannan harafin i da kake gani a 1080i50, kyamarar tana ɗaukar layi na 1, 3, 5 a lokaci ɗaya, sannan ta ɗauki na 2, 4, 6 bayan ɗan ƙiftawa, sau 50 a daƙiƙa. In abu na motsi, rabin farko da na biyu ba sa haɗuwa a wuri ɗaya. Tsohuwar talabijin mai ƙusumbi haka take nunawa, don haka ba ka gani. Allon waya da na kwamfuta kuwa gaba ɗaya suke zubo hoton. Duba ko manhajar ta ɗauki fayil ɗin a matsayin p ne, wato hoton da ba a raba biyu ba. In haka ne gaya mata Upper Field First, domin HD na sama ke fara zuwa, DV ɗinmu na da ne na ƙasa ke farawa. In bai daina ba ka sa masa Always Deinterlace a Field Options.

Edita_Gangare
Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Da tsohuwar zuma ake magani.

Baba_PD170
Amin. Amma tsohuwar zumar nan har yau tana karɓar aiki, kar ku binne ni da raina.

Kwamanda_EDIUS
Duk wannan dogon lissafin da kuke yi, da manhajar EDIUS yake aiki da tuni ya kai wa uwar amarya kayanta. Zuba MTS, zuba MOV, zuba na waya, ta haɗiye. Gidajen labarai ma da ita suke aiki, inda ba a da lokacin jiran juya fayil.

Ɗan_Bukuru
An fara. Ba a taɓa buɗe zance a gidan nan Kwamanda bai kawo tallan EDIUS ba. Kamfaninta Grass Valley na biyanka ne?

Kwamanda_EDIUS
Da suna biya da na bar ɗaukar biki.

Zee_Visuals
Kwamanda, haɗiyewa daban, narkewa daban. Ba manhajar da za ta sa 30 cikin 25 ba tare da ta jefar da firem, ko ta cakuɗa biyu, ko ta ƙirƙiro sabo ba. Ta yi maka shiru ne kawai ba ta gaya maka wanda ta zaɓa ba. Ni DaVinci Resolve nake amfani da ita kuma ita ma haka ne.

Amma ni abin da ya tsaya min a rai ba wannan ba ne. An ce ba a bar namiji ya shiga sa lalle ba, shi ya sa aka koma wa wayoyin ƙawaye. To mu mata masu kyamara muna ina? A Jos ɗin nan akwai mu, wasunmu ma a Kwalejin Talabijin ta NTA ko Cibiyar Koyon Fim ta Ƙasa suka yi karatu. Ku maza in kun karɓi aikin biki ku riƙa sa mace a lissafi tun farko. Da yanzu sa lallen yana 25 kamar sauran.

Edita_Gangare
Gaskiyarki Anti Zee, amma ni aikin ya same ni ne bayan an gama komai. Ko mai ɗaukar ban sani ba, ƙanin ango ne ya kawo min diski a leda.

Maman_Hanif
Zee kin faɗi gaskiya. Kuma ko da wayar za a ɗauka, minti biyu ya isa a gyara ta. Ni in na je kamu nakan karɓi wayar babbar ƙawa in saita mata. A iPhone ka shiga saitin kyamara, wajen Record Video, akwai Show PAL Formats, in ka kunna 25 zai fito. A nan ɗin dai ka kashe Auto FPS, shi ne ke saukar da firem in an shiga duhu, ka kashe HDR, tsarin ɗauka mai tsananin haske. Sai ka koma Formats ka zaɓi Most Compatible don ta ba ka H.264 maimakon HEVC mai wahalar da tsohuwar kwamfuta. Wasu ƙawayen dai ba sa yarda ka taɓa musu waya, kai ka ce asirinsu za ka kwashe.

Edita_Gangare
Hajiya kin taɓo wani abin da ban ma faɗa ba. Na iPhone ɗin nan fuskoki sun yi fari fat, lallen ma ba ya fitowa. A wayar mai shi kuma an ce yana da kyau.

Maman_Hanif
HDR ɗin ke nan. Tun daga iPhone 12 suke ɗauka da shi in ba a kashe ba. Taimlayinka Rec.709 ne, tsarin launi na yau da kullum, ba zai iya ɗaukar wannan hasken ba sai ya ƙone. In sigar Premiere ɗinka sabuwa ce akwai inda za ka kunna ta sauko da hasken da kanta. In tsohuwa ce, tunda dama za ka bi ta HandBrake, ka sa ya mayar da launin BT.709, wato Rec.709 ɗin, a tafiya ɗaya, jifa ɗaya tsuntsu biyu.

Abba_Terminus
Salam. Akwai mai buƙatar laftof Core i7, RAM 16, batir lafiya? A yi min magana ta gefe.

Admin_Rikkos
Abba, ranar Juma'a ake talla. Wannan gargaɗi na biyu ke nan.

Ɗan_Bukuru
Bari in dawo kan maganata tunda an yi min taron dangi. Ku gaya min, a ina za a kalli bikin nan? A waya. Amarya za ta yanka ta sa a Instagram da TikTok, gwaggo ta tura wa 'yan uwa a WhatsApp. Allon wayoyi da yawa sau 60 yake sabuntawa a daƙiƙa, 30 na shiga cikin 60 daidai wa daida, 25 ba ya shiga. To don me za mu riƙe 25 kamar gadon kaka? Ba gidan talabijin zai kai ba.

Injiniya_Wuse2
Wannan hujja ce ta gaske, ban raina ta ba. Da tun farko za a ɗauki komai a 30, kuma a waje da rana, ba ni da ta cewa. Amma shi kayansa sun riga sun zo a 25. Ɗan rashin daidaiton 25 a allon 60 kusan ba mai lura da shi, finafinan duniya ma a 24 suke kuma a wayar ake kallonsu. Maimaita firem da ka gasa a cikin fayil kuwa ya zauna ke nan har abada.

Sannan kar ka manta da wutarmu. Lantarkin Najeriya 50 ne, na Amurka 60, asalin rabuwar 25 da 30 ke nan. Shiga zauren biki a Abuja mai fitilun LED masu arha ka ɗauka a 30 da shata, wato saurin ƙiftawar kyamara, 1/60, ka ga yadda baƙaƙen layuka za su riƙa gangarowa a hoton. A 25 da shata 1/50 ko 1/100 sai su lafa.

Baba_PD170
In wutar gwamnati ce. In janareto ne mai tari, ba 50 ba 60, abin da Allah ya ba ka shi za ka ɗauka.

Ɗan_Bukuru
Hahaha Baba ya gama magana. Ni dai layukan nan na sha ganinsu, ashe abin da ke kawo su ke nan. Ina ta zagin masu ado.

Nura_Kala
Ni shawarata ta bambanta da ta kowa. Juya komai zuwa ProRes ko DNxHD, nau'in fayilolin da aka yi don editin, kafin ka taɓa taimlayin. Haka muka koya tun zamanin Final Cut 7, kuma ba ta taɓa ba mu kunya ba. H.264 da HEVC an yi su ne don ajiya da turawa, ba sa riƙe cikakken hoto a kowane firem, sai kwamfuta ta waiwaya baya ta lissafo. Shi ya sa in kana ja da baya take maƙalewa. Ka bar ta ta kwana tana juyawa, da safe ka yi aiki kamar kana yanka tumatir.

Zee_Visuals
Yaya Nura ka tambaye shi girman diskinsa tukuna. ProRes 422 a 1080 firem 25 yana cin wajen gig 55 a awa ɗaya, LT ma wajen 38. MTS ɗin da ke hannunsa bai wuce gig 11 a awa ba. Bikin Hausawa na kwana huɗu fa muke magana. Kuma ka ce ta kwana tana juyawa, da wace wutar?

Furoksi ya fi masa. Ƙananan kwafi ya yi yanka da su, lokacin fitarwa manhajar ta koma kan na asali. Abin da ya zama dole ya juya na wayoyi ne kaɗai.

Nura_Kala
Furoksi a kan fayil mai firem marar tsayawa wata sabuwar rigima ce, sai ki ga na asali da kwafin ba su zo ɗaya ba.

Zee_Visuals
Ai shi ya sa na ce ya fara juya na wayoyin. Karanta ƙarshen maganata mana.

Nura_Kala
Na gani, afuwan ƙanwata.

Sabon_Shiga22
Don Allah a yi min uzuri, koyo nake. Ni a Resolve na buɗe aiki a 24 bisa kuskure, yanzu wurin canzawar ya ƙi taɓuwa. Sai na sake daga farko?

Zee_Visuals
Da zarar ka shigar da kaya take kulle firem ɗin aikin. Amma tun siga ta 16 kana iya buɗe sabon taimlayin, ka cire alamar Use Project Settings, ka ba shi 25, ka kwafo yankanka ka zuba. Ka bi ka duba mahaɗai domin wasu za su ɗan goce. Gaba ka saita kafin ka jawo ko fayil ɗaya.

Edita_Gangare
Ga inda aka kwana. MediaInfo ta nuna Variable a duk na wayoyin, kamar yadda Injiniya ya faɗa. Na bi da su ta HandBrake, baki da murya sun shirya. Matsefin Sony ma ya tafi, ashe wani ya taɓa juya rabin fayilolin kafin su zo hannuna, su ne manhajar ta ɗauka a matsayin p. Sai dai na gano wata: a huɗubar ɗaurin aure, duk inda MTS ɗaya ya ƙare na gaba ya fara, sauti yana ɗan tsinkewa, kuma daidai wajen faɗin sadaki ɗaya ya faɗo.

Baba_PD170
Wanda ya kwafe katin ne ya yi maka aika-aika. Kyamarar tana yanka dogon ɗauka gunduwa-gunduwa saboda iyakar girman fayil a kati, bayanin yadda za a ɗinke su kuma yana cikin sauran fayilolin da ke katin. Shi ya shiga foldar STREAM ya tsinto MTS kaɗai ya bar sauran. Kullum ina faɗa, a kwafi katin dungurungum daga babbar foldar PRIVATE, kuma a shigo da shi ta Media Browser. Nemi mai kyamarar ko bai goge katin ba.

Edita_Gangare
Na kira ƙanin ango, ya ce mai kyamarar ya tafi wani aiki a garin Lafiya da katin.

Sautin_Dilimi
To an daɗe da gogewa. Ka tambaya ko cikin abokan ango wani ya ɗauki wajen da waya, ka ari muryar ka toshe ramin. Ka ga wayar da ake zagi ta yi rana.

Injiniya_Wuse2
Kafin nan gwada haɗa gunduwoyin su koma fayil ɗaya ba tare da juyawa ba. Sau da yawa sautin yana nan, an raba shi ne a tsakiya, rabi a wutsiyar na farko rabi a kan na biyu. A Windows umarnin copy /b yana manna su, ko ka yi da tsMuxeR. Wannan fa sai a kan na asali, waɗanda wancan mutumin bai taɓa ba.

Kwamanda_EDIUS
Ba wanda ya yi maganar biyun da aka turo ta WhatsApp. Waɗannan ko EDIUS ba ta da maganinsu, na yarda.

Maman_Hanif
Alhamdu lillahi, yau Kwamanda ya sauko. Edita, ka sa a nemo masu su su sake turowa a matsayin Document, ko a haɗa waya da kebul. In ba a samu ba kar ka buɗa su su cika allo, za su farfashe. Bar su ƙanana a tsakiya, tunda dama a tsaye aka riƙe wayar, ka sa kwafinsu mai dishi-dishi a baya.

Ɗan_Bukuru
Ni wannan dishi-dishin na baya ba ya burge ni ko kaɗan. Gara in jera uku a allo ɗaya, amarya a tsakiya, ƙawaye hagu da dama.

Zee_Visuals
Uku a jere ya fi kyau in akwai uku masu kyau. Biyu gare shi, kuma duk sun sha matsa.

Edita_Gangare
Ɗaya ta ce ta goge don waya ta cika, ɗayar ba ta ɗaga kira. Zan yi na Hajiya. Amma har yanzu ban samu amsar abu ɗaya ba. Na wayoyin da na juya, 25 na ba su, kuma wajen rawa ina ganin ɗan tsalle. Da na bar su a 30 tsayayye in sa Optical Flow, mai ƙirƙiro sabon firem, a taimlayin, zai fi?

Nura_Kala
A rawa? Da mayafai suna kaɗawa ana liƙi? Zai narkar maka da hannaye su koma kamar roba. Frame Blending, mai cakuɗa firem biyu, ya fi aminci.

Injiniya_Wuse2
Shi kuma yana ba da inuwa biyu-biyu. Ni zan yanki daƙiƙa 20 in gwada duka ukun, in kalla a waya, ba a allon editin ba.

Baba_PD170
Uwar amarya 'yarta take son gani, ba firem za ta ƙirga ba. Ka gyara wajen sadakin nan tukuna, shi ne za a tsayar a maimaita.

Ɗan_Bukuru
Da dai a 30 aka ɗauki komai.

Edita_Gangare
An ɗauke wuta, batir saura kashi 31. Copy /b ɗin nan, sunayen fayilolin da alamar tarawa ake jera su ko da waƙafi?